Kundin garambawul a Manchester United: wa ke naɗawa, wa ke saukewa

21 ga Fabrairu, 2024

Jiya aka kammala cinikin da aka sanar tun jajiberin Kirsimeti. Sir Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya mallaki kashi 27.7 cikin 100 na Manchester United. Iyalan Glazer na nan da kaso mafi tsoka, amma sun miƙa masa ragamar duk abin da ya shafi ƙwallo. Majalisarmu ta magoya baya ta ɗora mini aikin rubuta kowane canjin kujera da za a yi daga yau, in riƙa karanta musu a ƙarshen kowace kaka. Na ja layi huɗu a littafi: sunan kujera, wanda ke kanta, ranar da ya hau, da wanda yake ƙarƙashinsa.

Dalilin aikin shi ne gardamarmu a gidan kallo kullum a kan koci take farawa, a kansa kuma take ƙarewa. Tun da Sir Alex Ferguson, kocin da ya daɗe yana jan ƙungiyar, ya yi ritaya a 2013 mun ga Moyes, mun ga Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick na riƙon ƙwarya, ga Ten Hag yanzu. Kowanne an zage shi, an kore shi ko ana shirin korarsa. Amma a shekarar da Ferguson ya tafi, David Gill ma ya bar kujerar shugaban gudanarwa, kuma wannan ce tafiyar da ba ma tunawa. Ed Woodward da ya gaje shi daga harkar banki ya fito. Richard Arnold da ya gaji Woodward a 2022 mutumin tallace-tallace ne. Ƙungiyar ba ta taɓa samun daraktan ƙwallo ba sai a Maris na 2021, lokacin da aka ba John Murtough.

Ga yadda shafin farko yake yau. An sanar da Omar Berrada daga Manchester City a matsayin shugaban gudanarwa ranar 20 ga Janairu, sai dai ba zai kama aiki ba sai bazara, Patrick Stewart ke riƙe da kujerar. Dan Ashworth na Newcastle ake so ya zama daraktan wasanni, Newcastle kuwa ta zaunar da shi a gida har sai an biya ta diyya. Sir Dave Brailsford, wanda ya yi suna a tseren keke, shi ne idon Ratcliffe a kulob ɗin. Kwantiragin Ten Hag zai ƙare a 2025.

20 ga Afrilu, 2024

Murtough ya sauka a farkon wannan wata. Jiya aka naɗa Jason Wilcox daraktan fasaha daga Southampton. Tsohon ɗan wasan gefe ne na Blackburn da ta ci Firimiya a 1995, ya kuma shugabanci makarantar horar da matasa ta City, inda suka yi aiki tare da Berrada. A tsari, Wilcox na ƙarƙashin Ashworth ne. A layi na huɗu na rubuta sunan Ashworth da fensir, domin na ƙasa ya riga na sama shiga ofis.

26 ga Mayu, 2024

Mun doke City da ci 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA. Garnacho da Mainoo suka ci, dukansu ba su kai shekara 20 ba. Ba zan ɓoye murnata ba, na daɗe ban ji daɗin wasa irin na jiya ba.

Amma littafi ba ya murna. Mun ƙare Firimiya a na 8 da maki 60, an ci mu wasa 14, mun zura ƙwallo 57 an zura mana 58. Ba mu taɓa ƙarewa ƙasa haka ba tun da aka fara gasar a 1992. Ranar 6 ga wannan watan Crystal Palace ta lallasa mu 4-0. Kafin wasan ƙarshen ma jaridun Ingila sun yi ta rubuta cewa za a sallami Ten Hag ko ya ci ko bai ci ba. Yanzu ga kofi a hannunsa, na biyu a kaka biyu, kuma mutanen da ya kamata su yanke hukunci a kansa, wato Berrada da Ashworth, ba wanda ya fara aiki a cikinsu. Wannan ne ke damuna fiye da ko ya zauna ko ya tafi.

15 ga Yuli, 2024

An bar Ten Hag. Ranar 4 ga wata aka sanar da tsawaita kwantiraginsa zuwa 2026.

Yadda aka kai ga hukuncin shi ne abin rubutawa. Bayan wasan ƙarshe an shafe sama da mako biyu ana abin da suka kira nazarin kaka, ana kuma ganawa da wasu masu horarwa. Ten Hag da bakinsa ya faɗa a talabijin ɗin Holan cewa shugabannin sun same shi yana hutu a Ibiza, sun gaya masa sun tattauna da Thomas Tuchel, amma sun ga shi ne ya fi dacewa. Duk ɗan wasan da ke ɗakin sauya kaya ya san cewa an nemi wani a bayan idon kocinsa, ba a daidaita ba aka dawo. Da wuya mutum ya tsawata wa 'yan wasa bayan wannan su ji shi kamar da.

Ashworth ya kama aiki ranar 1 ga Yuli bayan an sasanta da Newcastle, Berrada ma ya shigo a wannan watan. Wato an riga an yanke hukunci mafi girma na shekarar tun watan Yuni, kafin isowar mutane biyun da aka ɗauko domin yanke irin wannan hukunci. An yi rufi kafin a kafa ginshiƙi. Idan abin ya yi kyau, kowa zai ce da shi aka yi. Idan ya lalace, ba wanda za a kama, domin Ashworth zai ce gadon hukuncin ya yi, Brailsford kuma ba shi da kujerar da aka rubuta wa wannan aiki.

An kuma sauya mataimakan kocin. Ruud van Nistelrooy da René Hake sun shigo, Mitchell van der Gaag da Benni McCarthy sun tafi. Wani yaro a majalisa ya ce mini, "Yaya, ai wanda zai gaje shi suka ajiye masa a gefe." Ban saka wannan a layi ba tunda hasashe ne, amma na rubuta shi a gefen shafi. An ɗauko Christopher Vivell, wanda ya yi aiki a Leipzig da Chelsea, ya taimaka da sayen 'yan wasa na ɗan lokaci. A ɓangare guda kuma an sanar cewa ma'aikata kusan 250 za su rasa aikinsu domin tsuke bakin aljihu.

2 ga Satumba, 2024

An rufe kasuwar 'yan wasa. Mun sayi biyar: Zirkzee daga Bologna, Leny Yoro daga Lille, De Ligt da Mazraoui daga Bayern Munich, Ugarte daga PSG. Kuɗin ya doshi fam miliyan 200. Na buɗe sabon shafi na 'yan wasan da suka taɓa buga wa Ten Hag a Ajax. Da akwai Lisandro Martinez da Antony da Onana, yanzu an ƙara De Ligt da Mazraoui. An ce mana zamanin da koci ke zaɓo yaransa ya wuce, sai ga biyu cikin biyar na bana yaransa ne. An sayar da McTominay ga Napoli, saboda kuɗin ɗan wasan da ya taso a gida riba ce zalla a lissafin dokar kashe kuɗi ta Firimiya.

Jiya Liverpool ta zo Old Trafford ta ci mu 3-0, kuma ita ce ma'aunin da zan riƙa ɗora aikin nan a kai. Kocinta Klopp ya sanar da tafiyarsa a Janairu. A Maris masu kulob ɗin suka dawo da Michael Edwards ya shugabanci harkar ƙwallo, Edwards ya ɗauko Richard Hughes daga Bournemouth a matsayin daraktan wasanni, su kuma suka zaɓo Arne Slot daga Feyenoord, mutumin da salonsa ya dace da 'yan wasan da ya tarar. Na sama ya fara zama, ya naɗa na ƙasa, na ƙasa ya nemo koci. Ba su sayi wani abin kirki ba a bazarar nan, amma kowa a filin jiya ya san aikinsa.

28 ga Oktoba, 2024

An sallami Ten Hag da safiyar yau, bayan West Ham ta ci mu 2-1 jiya da fenaritin Bowen a ƙarshen wasa. Fenaritin akwai ja a kansa, sai dai ba shi ya kore shi ba. Maki 11 a wasa 9, muna na 14, Tottenham ta ci mu 3-0 a gida a ƙarshen Satumba, a gasar Europa kuma canjaras uku a wasa uku. Wata huɗu bai cika ba da tsawaita kwantiragin. Van Nistelrooy zai yi riƙon ƙwarya.

A wannan watan ne kuma aka ji cewa za a soke aikin jakadancin da ake biyan Ferguson kimanin fam miliyan 2 a shekara.

12 ga Nuwamba, 2024

Ruben Amorim ya iso jiya daga Sporting ta Lisbon. Shekarunsa 39, ya ci gasar Portugal a 2021, wadda Sporting ta yi shekara 19 ba ta ɗauka ba, ya sake ci a 2024. Makon da ya wuce ya casa City 4-1 a gasar Zakarun Turai. An biya Sporting wajen yuro miliyan 11, kwantiraginsa zuwa Yunin 2027. Van Nistelrooy ya tafi bayan ya ci wasa uku ya yi canjaras ɗaya.

Abu biyu na rubuta. Na farko, kujerar da aka ba shi ta babban koci ce, ba ta manaja ba irin ta Ferguson da duk waɗanda suka biyo bayansa. Aikinsa atisaye da zaɓen 'yan wasa 11 da dabarar wasa. Saye da sayarwa na daraktoci ne. Wannan tsari ne mai kyau idan daraktocin sun san abin da suke so.

Na biyu shi ne ya hana ni sakin jiki. Amorim da 'yan baya uku yake wasa, da 'yan gefe biyu masu hawa da sauka tun daga baya har gaba, da 'yan wasa biyu a bayan ɗan gaba ɗaya. A kan wannan ya gina sunansa kuma bai saba sauyawa ba. 'Yan wasanmu kuwa an tara su ne domin masu tsaron baya huɗu da 'yan gefe masu kai hari irin Rashford da Garnacho. Wata biyu da suka wuce aka gama kashe kuɗi a kan wancan tsarin. Shi kansa Amorim ya faɗa a Lisbon cewa ya nemi a bar shi ya zo a ƙarshen kaka, aka ce masa ko yanzu ko a fasa. Rahotanni sun nuna Berrada ne ya je Lisbon ya jagoranci tattaunawar. Zaɓen koci aikin daraktan wasanni ne. A layi na huɗu, gaban sunan Amorim, ban san wanda zan rubuta ba, na bar shi fili.

8 ga Disamba, 2024

Ashworth ya tafi. Jiya Nottingham Forest ta ci mu 3-2 a Old Trafford, yau da safe sanarwa ta fito cewa an rabu da shi bisa fahimtar juna. Wata biyar ya yi a ofis, kwatankwacin lokacin da aka shafe ana jiransa yana zaune a gida.

Wannan ya fi korar Ten Hag nauyi a wurina. Koci ana iya cewa sakamako ne ya ci shi. Daraktan wasanni kuwa ba a auna aikinsa da wata biyar, ana auna shi da shekara uku ko huɗu, kamar yadda aka gani a hukumar ƙwallon Ingila inda ya tsara renon matasa, da kuma Brighton. Ratcliffe da kansa ya yabe shi a bainar jama'a a Fabrairu, ya kuma soki Newcastle da ta riƙe shi. Jaridu sun ce ra'ayinsa ya sha bamban da na Berrada kan wanda zai gaji Ten Hag, shi ya fi karkata ga masu horarwar da suka san Firimiya. In haka ne, to an ɗauko mutum domin ya ba da shawara, ya bayar, an ƙi, an kuma sallame shi. In ba haka ba ne, to an yi wata da watanni ana bin mutumin da ba a bincika ko zai dace da sauran ba. Ko wanne ne, laifin na wanda ya ɗauko shi ne.

Wani dattijo a majalisarmu, wanda ke goyon bayan United tun ana jin wasa a rediyo, ya ce da ni, "Ɗana, jirgin da matuƙa suka yi wa yawa ba ya isa gaɓa." Na ƙirga masu faɗa a ji a harkar ƙwallon kulob ɗin a yau: Ratcliffe, Brailsford, Berrada, Wilcox, Vivell. Kujerar da ya kamata ta haɗa kansu ita ce babu kowa a kai.

25 ga Fabrairu, 2025

Bayanan kuɗin da kulob ɗin ya fitar makon jiya sun ba ni lambobin da nake jira. Sallamar Ten Hag da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4. Ɗauko Ashworth da sallamarsa fam miliyan 4.1. Jimilla 14.5, ban da abin da aka biya Sporting. Jiya kuma aka sanar cewa za a sake sallamar ma'aikatan da za su iya kai 200. Masu aikin ofis da kicin da shagon sayar da riguna ba su suka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi ba, amma su ke biya. An kuma ɗaga kuɗin tikitin sauran wasanni zuwa fam 66 ba ragi ga yara ko tsofaffi. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

A fili: Rashford ya tafi Aston Villa aro bayan Amorim ya ajiye shi tun wasan City na 15 ga Disamba, Antony ya tafi Real Betis aro. An sayo Patrick Dorgu daga Lecce, ɗan gefe na farko da aka saya domin tsarin sabon koci. Bayan Brighton ta ci mu 3-1 a Janairu, Amorim ya ce mai yiwuwa wannan ce ƙungiya mafi rauni a tarihin United.

26 ga Mayu, 2025

Na karanta wa majalisa rahoton kaka. Na 15, maki 42, an ci mu wasa 18. Tottenham ta doke mu 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao ranar 21 ga wata, don haka babu gasar Turai baɗi, babu kuɗinta. Liverpool ta ɗauki Firimiya a kakar farko ta Slot. McTominay ya ci gasar Italiya da Napoli, an kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Ashworth ya koma hukumar ƙwallon Ingila da babban muƙami.

Da na gama, gardama ta kaure kan ko a kori Amorim. Na roƙe su su dubi shafin kujeru tukuna. Matsayina shi ne tunda an zaɓe shi da tsarinsa ido buɗe, dole a saya masa 'yan wasan da tsarin ke buƙata, a kuma fito a faɗi wanda zai ɗauki alhakin zaɓen idan bai yi ba.

15 ga Satumba, 2025

Canjin kujeru na bazara: a Yuni aka ɗaga Wilcox zuwa daraktan ƙwallo, Brailsford ya ja baya ya koma harkokin INEOS. Vivell ya zama daraktan sayen 'yan wasa na dindindin tun farkon shekara. A karon farko tun da na buɗe littafin nan, layi na huɗu ya cika ba fensir: Amorim ƙarƙashin Wilcox, Wilcox ƙarƙashin Berrada. Wannan ci gaba ne.

An sayo Cunha daga Wolves, Mbeumo daga Brentford, Sesko daga Leipzig, da gola Senne Lammens daga Antwerp. Garnacho ya koma Chelsea, Rashford aro a Barcelona, Hojlund a Napoli, Onana a Trabzonspor. Ba a sayi ɗan tsakiya ko ɗaya ba, alhali tsarin Amorim mutum biyu kacal yake bari a tsakiya su rufe fili mai faɗi. Grimsby ta rukuni na huɗu ta fitar da mu daga kofin Carabao a bugun fenariti ranar 27 ga Agusta. Jiya City ta ci mu 3-0.

5 ga Janairu, 2026

An kori Amorim yau, bayan wata 14. Muna na 6 a teburi, ga Mbeumo da Amad da Mazraoui suna gasar cin kofin Afirka a Maroko. Ba matsayin teburi ne ya kore shi ba. Jiya bayan canjaras 1-1 da Leeds ya gaya wa 'yan jarida cewa shi manaja ya zo ya zama ba koci kawai ba, ya kuma ce sashen nemo 'yan wasa da daraktan wasanni kowa ya yi aikinsa. An ruwaito cewa kwanaki kaɗan kafin nan sun yi zazzafar ganawa da Wilcox kan tsarin 'yan baya uku. A Oktoba Ratcliffe ya ce Amorim na buƙatar shekara uku ya nuna kansa.

Na koma shafin 12 ga Nuwamba, 2024. Kujerar babban koci aka rubuta masa, shi kuma ikon manaja yake ganin an yi masa alkawari. Ko dai ba a fayyace masa iyakarsa ba ranar da aka ɗauke shi, ko an faɗa masa wani abu a baki daban da na takarda. Tsarin da ake saɓani a kansa yanzu kuwa shi ne wanda duk duniya ta san shi da shi tun yana Sporting. Amorim yana da nasa laifin, taurin kai ya ci mana wasanni da yawa. Amma wannan ne koci na biyu da shugabannin nan suka tsaya wa a bainar jama'a, suka kashe masa kuɗin bazara guda, sannan suka sallame shi a tsakiyar kaka. Darren Fletcher, tsohon ɗan wasanmu, zai riƙe ƙungiyar.

14 ga Janairu, 2026

Jiya aka naɗa tsohon ɗan wasanmu Michael Carrick babban koci zuwa ƙarshen kaka, Steve Holland na cikin mataimakansa. An tattauna da Solskjaer ma kafin a tsaya a kan Carrick. Fletcher ya yi 2-2 da Burnley, Brighton kuma ta fitar da mu daga kofin FA a zagaye na uku, don haka wasa 40 kacal za mu buga a kakar nan gaba ɗaya. Wasan farko na Carrick da City ne ranar Asabar.

Berrada da Wilcox na kan kujerunsu, kuma su za su zaɓi koci na dindindin. Na ƙara layi na biyar a littafin, na sa masa suna "wanda ya zaɓo shi", zan kuma koma baya in cike shi ga kowane naɗi tun daga Fabrairun 2024. Abubuwa uku zan bibiya daga nan zuwa Yuni: ko za a sayi wani ɗan wasa a kasuwar Janairu kafin a san kocin da zai yi amfani da shi, ko za a fara bayyana salon wasan da kulob ɗin ke so kafin a fara jera sunaye, da kuma adadin kuɗin sallamar Amorim idan bayanan kuɗi na gaba suka fito.